Turken Ƙarfe a Rawayau

Dutsin-Ma, Laraba 14 ga Agusta, 1963, bayan la'asar.

Zuwa ga yayana Garba, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da biyayya, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Rekiya da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, geronmu na Dabawa ya fara fid da kai, ciwon gwiwar Inna kuma ya yi sauƙi. A ɗakina nake rubuta maka, motar majigi na tsaye a ƙofar gida, injin lantarkinta a kashe tun shekaranjiya, kuma yanzu zan gaya maka dalili.

Ka san da na gama makarantar koyon sana'a, Kawu Mamuda ne ya tsaya tsayin daka har aka ɗauke ni a motar da yake tuƙawa, wadda ke yawo ƙauyuka ana nuna wa manoma majigin taki da gyaɗa. Tuƙi nasa ne, inji da wayoyi nawa. Duk inda muka sauka nakan ajiye injin nesa da jama'a, inda iska za ta kwashe hayaƙinsa, sannan in kafa wani turken ƙarfe a ƙasa mai laima, in haɗa shi da jikin injin da jikin mota da waya. Amfaninsa shi ne in wuta ta ɓalle daga hanyarta ta shiga ƙarfe, sai ta gangara ƙasa ta turken, maimakon ta bi ta jikin mutum.

Ranar Litinin mun isa Rawayau ana gama ruwa. Na kafa turken a bayan mota, na ja waya zuwa majigi, na tafi ɗaura farin ƙyalle a bangon gidan dagaci. Ashe bayan na juya baya wani Bafillace mai suna Jibo ya iso da bijiminsa. Ka san mutanenmu, turke a fili na kowa ne, sai kawai ya ɗaura dabbarsa ya tafi gaida dagaci. Ni kuwa, da yake motar ta kare mini wurin, ban gani ba. Ina tayar da injin don gwaji, bijimi ya firgita da ƙara, ya fizge turken ya yi cikin dawa da shi. A daidai nan Kawu ya gama alwalar magariba, ƙafafunsa a jiƙe, ba takalmi, ya kama ƙofar mota zai ɗauko buzunsa. Yaya, ko ihu bai iya yi ba. Wuta ta ja shi, hannu ya manne, jiki na kaɗawa. Mutane suka taso da salati za su riƙe shi, ƙanen dagaci a gaba, dattijo mai furfura. Na bangaje dattijon don kada wutar ta haɗa da shi, har ya zauna cikin taɓo, na ruga na kashe injin, sannan Kawu ya sulale ƙasa. Ya farfaɗo, Allah ya kyauta, amma tafin hannunsa na dama ya ƙone, kuma har yau ba ya iya damƙe ludayi. Na je na durƙusa na ba dattijon haƙuri, ya ce ya yafe, sai dai bai dube ni ba.

Ga inda maganar take. Ranar Laraba mai zuwa ana jiranmu a Kurfi. An riga an yi shela, hakimi zai zauna, kuma ka san yadda yara ke mannewa jikin mota suna leƙe. Kawu ya ce magana ta ƙare, tun da Jibo ya maido turken har da ƙwaryar nono ta ban haƙuri, a mayar da shi a ci gaba. Ni na ce a'a. Cire turke ba ya kawo wuta jikin mota, tare ta kawai yake yi in ta zo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ta yiwu tun tuni, turken ne ke rufa mana asiri ba mu sani ba. Jiya na wuni ina bin wayar da yatsa da fitilar gwaji. Na sami wuri ɗaya da rufinta ya tsage na naɗe, amma wannan wurin a ƙasa yake kwance, bai kusanci ƙarfen mota ba. Ainihin raunin ban gan shi ba.

Da na gaya wa Kawu ba zan tayar da injin ba sai na gano, sai ya yi dariya. Wai shi wuta ta ja, amma ni ke rawar jiki. Wai Ɗan'autan da ya goya a bayansa zuwa kallon dambe shi ne yau zai hana shi tafiya da takardar boko. Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya murtuke, ya ce ko da hannun hagu zai tayar da abinsa, kuma in an fasa Kurfi, da bakinsa zai gaya wa manya a ofis cewa yaron da ya kawo ya tsorata da aiki, su nemi wani. Da yamma dai na zare ƙarfen da ake murɗawa a tayar da injin, na shiga da shi gida cikin riga.

Inna ta gan ni. Da farko faɗa ta yi, wai a gidan wa na ga ana ja da kawu, wai so nake a ce ɗanta ya yi karatu ya raina dangi. Na zauna na ba ta labarin tiryan-tiryan, har yaran Kurfi. Da na gama, ta tambaye ni abu ɗaya, ko abin da ya kama Mamuda zai iya kashe yaro. Na ce zai iya. Sai ta miƙo hannu ta karɓi ƙarfen, ta tura shi ƙarƙashin gadonta bayan ƙore. Ta ce Mamuda ƙanenta ne, ita ta yi masa wankan jariri, in ya isa ya shigo ɗakinta ya ɗauka.

Roƙona biyu ne. Ka taɓa ce mini kana da aboki mai aikin lantarki a masaƙarku. In zai ba da aron ma'aunin da ke nuna yoyon waya, ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda. Sannan ka aiko wa Kawu da magana mai sanyi, don kai yana jin taka.

Abin da ban sani ba shi ne: ko raunin a cikin injin yake ko a wayar da ta bi ƙarƙashin mota, ko ma'aunin zai iso kafin Laraba, ko hannun Kawu zai koma daidai, ko ina da aiki bayan Kurfi, ko Kawu zai sake kirana Ɗan'auta. Wanda na sani ɗaya ne, injin nan ba zai yi kuka a Kurfi ba sai na ga raunin da idona.

Inna na gaishe ku, haka Gogo Turai da Hasana. Ka gaida Yaya Rekiya, ka shafa mini kan Bilya da Fatu. Yanzu haka ina jin muryar Kawu a tsakar gida yana sallama, Inna kuwa ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakinta. Ku sa mu a addu'a.

Ni ne ƙanenka mai biyayya,
Dalhatu