Na Ce wa Jikata Maɓallinta Ya Yi, Alhali Kasawa Na Yi

Malama, ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat. Ni tsohon kafinta ne, ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mini wannan. A danginmu ni kaɗai na rage mai iya jero kakanni har tara.

Jikata tana aiki inda ake zana manhajar waya. Ita ke ƙera maɓallan da abokan aikinta ke ɗauka su jera a fuskar waya, kamar yadda nake yanka ƙafafun kujera wasu su harhaɗa. Ta ƙera wani na ɗaukar murya don tsofaffi: ka danna, ka riƙe, ka yi magana. Ta bar mini waya in gwada, in zuba tarihin gida.

Malama, yatsana rawa yake yi. Ina fara sunan kakana sai ya zame, maganar ta yanke. Ni da na shekara hamsin guduma ba ta kuskure mini ƙusa ba. Da ta tambaya, na ce ai wasan yara ne, har da tsokanarta wai amaryar tawa ta raina angonta. Ta shaida wa shugabanta kakanta ɗan shekara tamanin ya gwada, aka baza maɓallin ko'ina cikin manhajar. Mako mai zuwa za a ba wasu dattawa su gwada a gaban manyanta. Wayar kuwa ba komai cikinta sai rabin suna da tari. Bakina bai saba cewa na kasa ba. Ina mafita?

Tsohon Kafinta

Baba, ka kira ta yau, kada ka kai gobe. Kai ka san in ma'auni ya karkace, duk kujerun sun karkace. To a sana'arta in aka gyara uwar maɓallin, wato na asalin da ake kwafa, sauran duk sun gyaru, kuma mako ɗaya ya isa. In ka yi shiru, a gaban manyanta za ta ji kunyar da kake gudu.

Ita ma da nata: mai gwaji zama yake ya kalli hannu, ba ya wadatuwa da "ya yi". Amma kai ka rufe mata ƙofa. Ba gwaninta ta zo nema wurinka ba, wannan yatsa mai rawa shi ne ma'auninta. Ba sai ka yi dogon bayani ba: ka zaunar da ita, ka danna tana gani. In ta gyara, ka zuba mata kakannin nan tara tun kana da numfashi.

Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa amaryar taka albarka.