Rigar Mala'ika Ba Ta Son Guga

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya maigida da yara? Mu a Sabon Tasha lafiya lau.

Siririyar wayar lantarkin nan mai haske ta iso, na ɗinke ta da hannu a rigunan mala'iku na wasan Kirsimeti. Sai halin tela ya ci ni, don ba na ba da kaya babu guga. Ina ɗora dutsen guga, zafi ya ƙona wayar, rigar Jibra'ilu ta daina haske! Maman zumuntar matan cocinmu ta ce, "Rifkatu, kin kashe babban mala'ika?" Na ce ta ba ni kwana biyu, ragowar wayar za ta isa.

Sojan da aka kawo unguwarmu sun koma bariki, wuta dai ba ta dawo ba, amma mala'ikuna da batir suke aiki.

Ki sa mu a addu'a. A gai da kowa.

Ƙanwarki,
Rifkatu