Sikeli Ya Sauke Ni Daga Falwaya

Litinin, 1 ga Satumba

Yau an sauke ni ƙasa. Ni, da mutanen unguwanni ke kira Sarkin Sama! An zo da sabuwar doka a wurin aiki: duk mai hawa falwaya gyaran wuta sai an auna shi, don tsani da bel ɗin tsaro akwai iyakar nauyin da suke ɗauka. Na hau sikeli ina raha, na sauko bakina a mace. Abin da na zarce da shi ko a nan ba zan rubuta ba.

Injiniya ya ce zuwa Nuwamba za a sake awo. In na dawo daidai, in karɓi bel ɗina. In ban dawo ba, sito za a kai ni, in zauna ina miƙa wa mutane waya da filaya. Kafin nan Dogo, abokin aikina, shi zai riƙa hawa, ni kuma in riƙe masa tsani.

Laraba, 3 ga Satumba

Nas ɗin wurin aiki ta tambaye ni abin da nake ci, na faɗa. Ta ce babu laifi, a ɗan rage dai. Sai ta ce, "To me kake sha?" Nan asirina ya tonu.

Aikinmu haka yake: duk layin da ka mayar wa wuta, sai an fito maka da lemon kwalba. Wannan gida ya kawo, wancan ya kawo. Kuma da ɗuminsa, tunda firjinsu a kashe ya kwana. Shekara da shekaru ina ɗurawa, ban taɓa ɗaukarsa abinci ba. Ta ce sukari ne nake kwankwaɗa, ciki bai ma san an ba shi komai ba. Ruwa za ka koma, Malam.

Na ce nawa? Ta ce babu adadi ɗaya na kowa, mai aiki a rana ya fi na ofis buƙata. In riƙa sha kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama ni, in kuma riƙa duba fitsarina: in ya yi duhu, in ƙara. Mutum da furfurarsa, wai ya koma leƙen fitsari!

Asabar, 6 ga Satumba

Matata, Maman 'yan biyu, ta sayo mini gora shuɗiya mai igiya, irin ta 'yan makaranta. Murna take kamar ita ta kafa dokar.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na yi wauta. Na ce tunda ruwa ne maganin, bari in gama da shi tun da safe in huta. Na tsaya bakin famfo na sha har cikina yana ƙugi in na motsa. Muna isa wurin aiki, Dogo na can sama, ni ina ƙasa riƙe da tsani, abin ya taso. Ba dama in saki. Na yi ta rawa a wuri ɗaya, ina matse ƙafa.

Dogo ya leƙo ya ce, "Yaya, wane kiɗa kake ji da ni ban ji ba?"

Allah ya saka wa mai shagon walda na kusurwa da alheri, shi ya buɗe mini bayan gidansa. Da na ba nas labari sai da ta riƙe tebur don dariya. Ta ce ba tanki ake cikawa ba, kuma ruwan ma in an ɗura shi da yawa lokaci guda yana cutarwa.

Talata, 16 ga Satumba

Kaina ciwo, raina a ɓace, kowa haushi yake ba ni. Har a mafarkin rana kumfar lemo nake gani.

Laraba, 24 ga Satumba

Ashe ƙin lemo ya fi barin lemo wuya. Wata tsohuwa ta fito mana da kwalba biyu a faranti, har da rufi. Na ce, "Na gode Iya, ruwa kawai zan sha." Ta tsaya tana kallona, ta koma ciki, ta dawo da huɗu! A zatonta na raina ne. Na ce wallahi ba haka ba ne. Ta ce, "Ɗan nan, me muka yi maka? Ko so kake gobe ka sake ɗauke mana wuta?"

Dole na ja ta gefe na dafa tumbina, na ce wannan ne ya hana ni hawa, Iya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Af, gaskiya ne, ai falwayar ma abin tausayi ce." Maƙwabta suka kwashe da dariya, ni ma na yi har da hawaye. Ta kawo mini ruwa a babban kofi, ta tsaya a kaina har na shanye.

Lemon kuwa Dogo ya yi masa adalci.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Na yi dabara, na sayo lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace, na shigo da shi gida ina taƙama. Maman 'yan biyu ta juya bayansa ta karanto mini sukarin da ke ciki da muryar mai labarai. Ta ce, "Baban 'yan biyu, ɓarawon nan ɗaya ne, riga ya sauya." In 'ya'yan itace nake so, in ci su da haƙorina.

Ta yanka mini lemon tsami da kokwamba a cikin gora. Na ce wannan ai wanke-wanke ne. Na kurɓa. To, ba laifi. Ban dai faɗa mata ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Shayi ba sukari. Na farko kamar hukunci. Yanzu da citta da na'ana'a har ina jin ƙamshin ganyen, abin da ban san yana da shi ba. Madarar gwangwani mai zaƙi ma mun yi sallama. 'Yan biyu sun mai da abin wasa: kafin a zuba abinci sai su kawo mini kofin ruwa, ɗaya ta riƙe, ɗaya tana tafi. In na shanye su ce, "Baba ya ci jarrabawa!" Kuma da gaske, in na sha ɗin ba na loda faranti kamar da.

Talata, 28 ga Oktoba

Wandona ya zame a tsakiyar titi ina ɗauke da tsani. Ban taɓa jin kunya mai daɗi irin wannan ba.

Labari ya zaga. Yanzu muna shiga layi sai ka ji ana cewa, "Ga mai ruwa nan." Lemon duk ya koma kan Dogo, nasa da nawa.

Amma da yamma, da ya haɗa waya layin ya kama, yara suka ɗauki ihu, shi suke ɗaga wa hannu. Ni ina ƙasa, wuya a sama. Ya yi mini ciwo, gaskiya. Ba kuɗin hawa nake kewa ba. Wannan lokacin nake kewa, da kana sama kana ganin gidaje suna haske ɗaya bayan ɗaya, ka san hannunka ne.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Awo. Na cire takalmi, na cire hula, har makullan aljihu na ajiye. Allurar sikeli ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya. Da ƙyar, amma ta tsaya inda ake so. Injiniya ya miƙo bel ya ce, "Barka, Sarkin Sama." Alhamdulillahi! Na kira gida, guɗar da aka yi sai da na janye wayar daga kunne.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na hau. Gwiwa ba ta yi ƙara ba, numfashi bai yanke ba. Na gama aikin, na ɗan ƙara zama a sama ba don komai ba, na kwance gorata na sha a can, iska na kaɗa ni.

Da na leƙo, ga Dogo riƙe da tsani, an tara masa kwalabe a gindin falwaya, ya buɗe ɗaya da haƙori. Daga sama ne na ga abin da ban gani ba a ƙasa: maɓallin rigarsa na tsakiya ya kusa tashi. Tumbina ne ya koma jikinsa.

Ban san lokacin da na ce, "Ajiye kwalbar nan, ɗan'uwa," ba. Na ɗaure gorar a igiyar kaya na zura masa. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce yau kuma nas ce ta hau falwaya?

Ni ba irin masu wa'azin ruwan nan na zama ba, Allah ya kiyaye. Kawai dai riƙe tsani babu daɗi, ni na sani, kuma ba na so a sauke shi.

Ya sha.