Jarkar Kalanzir a Saman Bas

Daren Laraba, Dangora.

Barci ya ƙi zuwa. Wurin wankan da na haɗa a bayan bas ɗina, wanda nake ta cika baki da shi, yau ya tsaya mini a rai. Jarka na ɗaure a sama, na jona mata tiyo da kan famfo, na kewaye da labulen buhu, don in daina roƙon banɗaki a gidajen mutane duk sanda sayen masara ya kwanar da ni a Doguwa.

Da la'asar na biya garin Ƙofa gaida Baffa. Na kunna masa ruwan don ya yi alwala. Ya tara hannu, ya sunsuna, ya zubar.

"Kai Sani, me aka taɓa zubawa a jarkar nan?"

"Kalanzir ne, Baffa, amma na wanke ta da sabulu."

"Ai warin na nan. Ruwan da warinsa ya canza ba a tsarki da shi."

Tun farkon kaka da shi nake alwala da wanka. Nawa sallolin da sauƙi, zan rama. Amma masu lodin da na yi ta yi wa limanci a Burumburum fa, a ina zan gan su?