Kwana Huɗu Ina Cewa Da Sauƙi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu.

A ɗaki muka yi hutun ƙarshen shekara, ni da Kawu, don annobar korona ta kama shi, aka killace mu. Ƙaramar hukuma ta yi ƙoƙari: kwalin abinci har bakin ƙofa, kuma kullum wata ma'aikaciya takan bugo ta tambayi jikinsa. Ni kuwa sai in ce, "Da sauƙi." Kin san yadda aka rene mu, wa yake buɗe baki ya ce jiki ya yi tsanani? Ita kuma sai ta rubuta, ta kira na gaba. Kwana huɗu ina faɗin haka, Kawu yana tari yana dafa bango. Rana ta biyar numfashi ya gagara, na kira motar asibiti. Likita ya dube ni ya ce, "Me kuka tsaya jira?"

An kwantar da shi, ba a barin kowa wurinsa. Ku sa shi a addu'a. In Inna ta tambayi ƙanen nata, ki ce mata da sauƙi.

Ƙanenki