Anzar Inna da Ɓerayena

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo ta Dumega,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, kin tafi ba ki san aikin da boko ya kai ni ba. Ɓeraye nake kiwo. I, kusun nan da kika ƙare rayuwarki kina kora daga rumbu. Nawa farare ne, ga ɗaki mai sanyi, ga abinci a kan kari, gatan da ko babban ma'aikaci bai samu ba a Dogon Dutsi.

Akwai wani busasshen makamashi mai kama da danƙo da ake ɗura wa roka. Sau ɗaya na ga an kunna shi. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana, ƙarfen da ya fi giginya tsawo ya miƙe ya shige gajimare. Ni da kike cewa ba abin da ke burge ni, sai ga ni ina salati.

Amma mutane ne ke haɗa makamashin nan, kuma abin da ya taɓa hannu yakan kai baki. Aikina in gano yawan da ke cutarwa. Nakan auna kaɗan, in ba ɓera ta siririn bututu, in zuba ido kwana goma sha huɗu: ko gashi ya tashi, ko jiki na rawa, ko ya ƙi ci. Wasu ba sa kaiwa. Yau kwanakin suka cika, shugabana yana jiran takarda tun safe. In na sa hannu kan kuskure, wani magidancin da ban taɓa gani ba ne zai ji a jikinsa.

Ina ɗaukar alƙalami sai na tuna shekarar da gero ya ƙi. Kin jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu dafi, kwana da kwanaki, kina sake ruwa don ɗacin ya fita. Da ta dahu, muna kukan yunwa, kika hana mu. Kika ci loma uku da hantsi, ke kaɗai, kika koma gindin gawo da faifanki kina saƙa. "Ku dakata in ji ko gishiri ya ji," in ji ki. Sai la'asar kika kira mu. Na yi shekaru ina ɗauka rowa ce.

Gwajinmu ke nan sak, Inna: a ba da ta baki, a jira, a lura. Sai dai ni ina da sikeli da safar hannu da ɓeraye. Ke cikinki kika sa.

Na ajiye alƙalamin. Zan sake bin awon tun daga ɓera na farko. Su jira ni har la'asar.

Allah ya haskaka makwancinki, ya ciyar da ke abin da babu ɗaci a cikinsa. Amin.

'Yarki da ta makara wajen ganewa,
Rabi