Kada ka ɗauki Ammi a babur

Yaya Tanwir,

Na tafi masaƙa kana barci. Don Allah kada ka kai Ammi asibiti a babur yau.

Jiya ta ce ramukan hanyar Multan na tayar mata da ciwon baya, shi ne na ce bari in sassauta sifirin biyun nan na tayar baya. Kowanne hawa biyar gare shi, ban san wanne ne mai laushin ba. Tunda zaman gefe take yi, na sa na hagu a ɗaya, na dama a biyar. Ko akasin haka ya kamata? Wallahi na rikice.

Na gwada da buhun fulawa, sau biyu yana faɗowa. Ku hau riksha, keken nan mai ƙafa uku.

Kuma kada ta ji da buhu na auna ta.

Jawed